Jin Ra'ayin Jama'a: Daga Taron Badun na 1950 Zuwa Yau



Duk sanda aka yi shela cewa hukuma za ta zauna jin ra'ayin jama'a, ko kan gyaran kundin tsarin mulki, ko faɗaɗa titi, ko ɗauke kasuwa, ko ƙarin kuɗin wuta, maganar da ake ji a ƙofar masallaci da teburin mai shayi ba ta canzawa. Wannan ya ce, "Ai an riga an gama magana, kiranmu kawai ake mu cika kujeru." Wancan ya ce, "Wancan karon ba mun je mun faɗa ba? To me aka yi?" Wani kuma ya kaɗa baki ya ce, "Mu da muke baƙi, ina ruwanmu da shawarar masu gari?"

Kowace ɗaya cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta daɗe a bakin mutane. Amma in aka ɗora su a kan tarihin ƙasar nan za a ga inda suka gaza. Kuma abin sha'awa, babban zama na farko da ya biyo bayan jin ra'ayin 'yan Najeriya, a nan garin Badun aka yi shi.

Yadda aka zo taron Badun

A 1946 Gwamna Arthur Richards ya kawo sabon tsarin mulki wanda ya raba ƙasar zuwa jihohi uku, Arewa da Gabas da Yamma. Babban laifin da 'yan kishin ƙasa suka ga tsarin shi ne an rubuta shi ba tare da an tambayi masu ƙasa ba. Maƙwabtanmu Yarabawa suna da karin magana cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan, to abin da aka yi ke nan. Jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa tana tara kuɗi da goyon baya. A kan wannan rangadi ne ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, aka mayar da shi Ikko ya rasu a watan Mayu na 1946. A 1947 tawagar mutum bakwai ta tafi Landan da kokenta, cikinsu akwai Dokta Azikiwe da Funmilayo Ransome-Kuti da Zanna Bukar Dipcharima na Borno. Amsar da suka samo ita ce su koma gida su gwada tsarin tukuna.

Wanda ya kalli abin a wannan rana zai ce sun yi asarar kuɗin jirgi. Amma da John Macpherson ya zama gwamna a 1948, sai ya ce za a sake tsarin, kuma wannan karon za a tambayi jama'a. Cikin 1949 aka bi mataki-mataki: taron ƙauye, taron gunduma, taron lardi, sannan taron jiha. Ana tambaya ko ana son tarayya ko gwamnati guda, da yadda za a zaɓi wakilai, da ikon da za a ba jihohi. Gaskiya a wurare da dama, musamman a Arewa, hakimai da ma'aikatan En'e su suka fi magana, talaka ya fi sauraro. Duk da haka ba a taɓa yin irinsa ba kafin nan.

A watan Janairu na 1950 wakilai 53 suka hallara a Badun. A lokacin Sabon nan tana da shekara 34 da kafuwa, tunda a 1916 aka yanka mata wuri. Abin da ya fi ɗaukar zafi a taron shi ne rabon kujerun majalisar tsakiya. Rinjayen taron ya tsaya a kan Arewa ta sami 45, Gabas 33, Yamma 33. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya miƙe, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya, suka ce in ba a ba Arewa rabin kujeru ba, za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. Hujjarsu ita ce yawan jama'a. A zauren ba su yi rinjaye ba. Amma zauren ba shi ke da wuƙa da nama ba. Magana ta koma majalisun jihohi, ta je Majalisar Dokoki a Ikko, ta je Landan. Da tsarin mulkin 1951 ya fito, cikin kujeru 136 na zaɓaɓɓu Arewa ta sami 68, Gabas 34, Yamma 34.

Ku lura da abu biyu a nan. Abin da aka ɗaga hannu a kai a zaure bai zama hukunci ba, domin masu yanke hukunci suna wani wuri. Sannan waɗanda suka zo da matsaya ɗaya da hujja ɗaya, suka kuma bi maganarsu har inda ake yanke hukuncin, su suka tafi da abin da suka nema. Ko mutum ya yarda da matsayarsu ko bai yarda ba, darasin yana nan.

Shawara daban, ƙuri'a daban

Tushen yawancin ɓacin ranmu shi ne muna haɗa zaman jin ra'ayi da ƙuri'ar raba gardama, alhali kowanne da aikinsa. An yi ƙuri'ar raba gardama a tarihinmu, kuma an ga yadda take. A watan Fabrairu na 1961, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tambayi mutanen yankin Kamaru da Ingila ke riƙo inda suke son shiga. Na arewaci, wajen Mubi da Gwoza da Ganye, suka zaɓi Najeriya da kusan kashi 60 cikin ɗari, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Na kudanci suka zaɓi Kamaru. Haka a watan Yuli na 1963 mutanen Benin da yankin Delta suka jefa ƙuri'a, aka yanke musu jiharsu daga cikin Jihar Yamma. A irin wannan, ƙidaya ita ce hukunci, ba wanda zai ce sai ya yi nazari.

Zaman jin ra'ayi kuwa shawara ce. Ana saurarenka, ana rubutawa, sannan mai iko ya auna ya yanke. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun sira. A Badar, shawarar mutum ɗaya, Hubabu bin Munzir, ta sa aka sauya masauki aka koma kusa da rijiyoyi. A yaƙin Gwalalo, Salmanul Farisi, wanda ba ma ɗan garin ba ne, shi ya kawo dabarar haƙa ramin. Babu wanda ya ƙirga hannuwa a wuraren nan, ingancin maganar aka duba. Har yau malamai suna da saɓani kan ko shawara tana ɗaure shugaba ko ba ta ɗaure shi, amma babu mai cewa wanda aka nemi shawararsa ya yi shiru.

Saboda haka wanda ya je zama da tunanin cewa in mun cika zaure da ihu an gama, zai dawo da takaici. Wanda kuma ya ƙi zuwa don ya ji ba ƙuri'a ba ce, ya bar wa wasu su faɗi yadda ɗakinsa yake yoyo.

Abin da ba a nema ba aka samu

A 1957, da aka doshi 'yancin kai, ƙananan ƙabilu suka ce suna tsoron manyan za su danne su in Bature ya tafi. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Willink. Ya zaga jihohin nan uku daga ƙarshen 1957 zuwa farkon 1958, yana karɓar takardu yana sauraron shaidu da lauyoyinsu. Babbar buƙatar masu koke ita ce a ƙirƙiro musu jihohinsu: 'yan tsakiyar Najeriya, da 'yan Kalaba da Ogoja da Ribas, da 'yan Benin da Delta. Da rahoton ya fito a 1958, bai goyi bayan ƙirƙiro jiha ko ɗaya ba. In da a teburin mai shayi ne, da an ce an gani ai, wahalar banza.

To amma kwamitin ya ce tsoron da mutanen nan suka kawo ba na ƙarya ba ne, sai a yi masa magani. Ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin kundin tsarin mulki, aka kuwa rubuta a na 1960. Ya ce a ba yankin Neja Delta kulawa ta musamman, aka kafa masa hukumar raya ƙasa. Babin haƙƙoƙin nan shi ya yi ta bin kundayenmu har zuwa na 1999. Yau sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar yawo da zama a ko'ina cikin ƙasar, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsu, na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a kowane yanki.

Jama'a, wa ya fi mu cin moriyar waɗannan sassa? Mu da kakanninmu suka zo da goro da shanu, aka haife mu nan, muka haifi namu nan. Inuwar da muke fakewa a ciki ta soma ne daga koken wasu mutane da suka je zama suka dawo suna ganin ba su samo komai ba. Amfanin zaman jin ra'ayi wani lokaci ba ya zuwa da kamar da aka nema, kuma ba ya zuwa a ranar.

Duba tambayar da aka yi maka

Kada a ce ina wanke hukuma. An sha yin zaman da aka yi wa mutane dabara, kuma manyanmu na kasuwa ba su manta da na 1985 ba. Janar Babangida ya hau mulki a watan Agusta na shekarar, ya ce jama'a su tattauna ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Aka yi ta muhawara a jaridu da rediyo da jami'o'i, mafi yawan muryoyi suka ce ba a so. A watan Disamba gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba. Aka yi murna. A tsakiyar 1986 sai ga shirin SAP, ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka guje wa bashin saboda su. A watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dalar da take kusan kai ɗaya da naira ta haura naira huɗu. Duk mai sayo kaya ya ji a jikinsa.

Me ya faru? An tambayi mutane kan bashi, ba a tambaye su kan sharuɗɗan ba. Ɗan kasuwa ya san wannan: in dillali ya tambaye ka launin sa, bai tambaye ka kuɗinsa ba, akwai magana. Saboda haka abu na farko a kowane zama shi ne a gane iyakar tambayar. In ta yi ƙunci, a faɗa a wurin, a kuma sa a rubuce cewa ga abin da aka bari a waje.

A wannan zamanin dai, a watan Janairu na 1986, aka kafa kwamitin siyasa na mutum 17 ƙarƙashin Dokta Samuel Cookey. Ya karɓi ra'ayoyi sama da 27,000, ya miƙa rahoto a watan Maris na 1987. Gwamnati ta fitar da farar takarda, wato bayanin abin da ta karɓa da wanda ta ƙi. Ta karɓi tsarin jam'iyyu biyu, ta kafa hukumar wayar da kai ta MAMSER, ta ƙirƙiro jihohin Katsina da Akwa Ibom a watan Satumba na 1987. Ta ƙi shawarar bin tsarin gurguzu. Wato ba duka aka ɗauka ba, ba duka aka zubar ba. Wanda ya ce kullum an riga an gama magana, ya tambayi Katsinawa.

Ranar da aka yi tambaya a kanmu

Ranar 10 ga Nuwamba, 2012, Majalisar Wakilai ta yi zaman jin ra'ayi a mazaɓu 360 na ƙasar nan a rana guda, da takarda mai tambayoyi 43 kan gyaran kundin tsarin mulki. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko wanda ya daɗe zaune a wuri ya cancanci a ɗauke shi ɗan wurin, da haƙƙoƙinsa da nauyin da ke kansa. Wannan tambaya ai tamu ce. Ita ce maganar takardar shaidar ɗan ƙasa da ake hana ɗanka a nan, ya tafi Kano ko Sakkwato a ce ba a san shi ba. Kowa ya tambayi kansa: a ina yake ran nan, kuma wa ya amsa a madadinsa?

Gyaran da ya biyo bayan zaman ya bi hanyarsa mai tsawo. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya ya amince, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Aka ƙetare wannan, amma a 2015 Shugaba Jonathan ya ƙi sa hannu, aikin ya tsaya a nan. Haka taron ƙasa na 2014, mai wakilai 492 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, ya miƙa rahotonsa a watan Agusta, yawancin abin da ke ciki yana nan a ajiye. Wannan ya nuna cewa zaure ƙofar farko ce kawai. Bayanta akwai kwamiti, akwai majalisa, akwai sa hannu. Mai son biyan buƙata ba ya sallamar magana a ƙofar farko.

To, yaya za mu gyara?

Na farko, mu daina jiran labari ya same mu a bakin hanya. Sanarwar irin wannan zama tana fitowa a jaridu da allon sakatariyar ƙaramar hukuma da shafukan ma'aikatu a intanet. Muna da yara masu digiri a unguwar nan. A ware biyu ko uku su riƙa bibiya, su kai wa fada, limamai su sanar bayan salla. Misali, dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa ana baje rahoton babban aiki na kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi. In kwanakin suka wuce, sai ihu bayan hari. Tun ran gini ran zane.

Na biyu, kafin a tafi a san amsar tambaya uku: wa ya kira zaman, wa zai yanke hukunci, kuma me ya rage ba a yanke ba? In titin dole ne a yi shi, ɓata baki ne a tsaya kan kada a yi. A tsaya kan faɗinsa, da diyya, da wa'adin tashi, da inda za a mayar da masu rumfa. Sau da yawa a nan ne ake samun sassauci.

Na uku, mu yi namu zaman kafin nasu. Shawara ɗaukar ɗaki ce. Mai Martaba Sarki da 'yan majalisarsa su ne bakinmu, Allah ya ƙara musu lafiya, amma ba adalci ba ne a tura su hannu rabbana. Abin da ya dami mahauci daban da na ɗan canji, na ɗan goro daban da na ɗan acaba. Kada a manta da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida. In aka toshe lungu ko aka yanke famfo, su ne farkon ji. A tura musu mata 'yan uwansu su jiyo ta bakinsu. In mun yi saɓani, mu yi shi a gida, mu fita da murya ɗaya.

Na huɗu, a rubuta. Minti uku ake ba mutum a zaure, wani lokaci ma ba a kai kansa. Abin da sakataren kwamiti yake komawa ya duba shi ne takarda. Takardar ta faɗi ko su wa ne mu, rumfa nawa abin ya shafa, gida nawa, shekara nawa muna biyan haraji a wurin, da abin da muke so a yi a maimakon wanda aka shirya. A sa hannu, a miƙa, a karɓi kwafe mai hatimin ofishin a adana a fada. Ban da zagi, ban da barazana, ban da ƙarin gishiri a lissafi, domin in aka kama ƙarya ɗaya ta ɓata gaskiya goma.

Na biyar, a tafi da mai harshe. Akasarin zaman nan da Turanci da Yarabanci ake yinsa. Allah ya ba mu 'ya'yan da suke jin Yarabanci kamar masu gari. Dattijo ya yi maganarsa da Hausa, yaro ya fassara, ba abin kunya ba ne. Kuma a nemi maƙwabta. Bayaraben da shagonsa ke jikin naka, kwata ɗaya ke yi muku ambaliya. Takardar da Alhaji da Baba Onile suka sa wa hannu tare ta fi nauyi, kuma ba mai iya kiranta maganar baƙi.

Na shida, a bi sawu. Bayan wata ɗaya ko biyu a koma a tambayi rahoto. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takarda, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. A riƙa tuntuɓar kansila da ɗan majalisa. Ƙuri'armu a nan muke jefa ta, sun kuma san yawanta.

Su ma hukumomi akwai nasu. Sanarwar da aka buga da Turanci a jaridar da ba ta shigowa unguwa ba ta isar da saƙo ba. A yi ta da Hausa da Yarabanci, a rediyo da masallatai da kasuwanni. Kada a sa zama ranar Juma'a da azahar sannan a ce Hausawa ba su zo ba. A faɗa tun farko abin da za a iya canzawa da wanda ba za a iya ba. Bayan an yanke hukunci kuma a dawo a ce ga abin da kuka faɗa, ga wanda muka ɗauka, ga dalilin barin sauran. Rashin wannan dawowar shi ya fi komai kashe wa mutane gwiwa.

Unguwar nan ta haura shekara ɗari. Ta girmi tsarin mulkin Richards, ta girmi 'yancin kai, ta girmi Jihar Oyo da aka kafa a 1976. Wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan bai kamata ya ji nauyin ɗaga hannu a zauren ƙaramar hukuma ba. Zuwa ba ya tabbatar da za a yi yadda muke so, tarihin da muka bi ya nuna haka. Amma rahoton da za a rubuta, da mu ko ba mu, za a rubuta shi, kuma da shi za a yi aiki a kan rumfunanmu da gidajenmu.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba mu bakin faɗin gaskiya cikin ladabi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.